Bashin manhaja, wayar hannu da aron NIN: amsoshin wannan mako

Assalamu alaikum. Saƙonnin da suka shigo a makon nan kusan duka a kan waya suke, don haka na ware guda biyar na haɗa su wuri ɗaya. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko daga wata tela ce a Zariya. Ta ce: "Keken ɗinkina ya lalace ga aikin biki ya taru. Na ga wata manhaja da ta ce za ta ba ni naira 50,000 nan take, in biya 65,000 bayan kwana 14. Amma tana neman BVN ɗina, da izinin shiga lambobin wayata da hotuna. In karɓa?"

Malama, kar ki karɓa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu abin kunya don mai sana'a ta nemi rance. Amma wannan bashin ba kuɗi kaɗai za ki biya ba.

Mu fara da lissafi. Naira 15,000 a kan 50,000 kashi 30 cikin 100 ke nan a mako biyu. Ki tambayi kanki ko akwai ɗinkin da ke kawo wannan ribar. In kuma ranar biya ta wuce, tara ce ke hawa kullum, kuma a nan ne mutane ke ciwo wani bashin a wata manhajar don su toshe na farko, har su wayi gari da masu bin su biyar ko shida. Batun riba a addini kin san shi, ba sai na tsaya a kai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne izinin nan da suke nema. Masu ba da rance na gaskiya jingina suke karɓa ko mai tsaya wa mutum. Waɗannan kuwa mutuncinki ne jinginar. Da zarar kin danna amincewa, duk lambar da ke wayarki ta tafi hannunsu: ta mijinki, ta surukarki, ta malamin Islamiyyar yaranki, ta kwastomomin da kika shekara goma kina tarawa. Ranar da kika makara, su za a bi da saƙo. Ni kaina na taɓa samun irinsa a kan wani maƙwabcina, dattijo mai kamala. Saƙon ya kira shi ɗan damfara, ya ce wai ni na tsaya masa, alhali ban ma san ya ci bashin ba. Ya yi kusan wata guda ba ya zama a majalisa bayan la'asar. Kuɗin ya biya su tuntuni, amma har yau in mun gaisa ba ya iya haɗa ido da ni, kuma wannan na ci mini rai.

Ki lura da wani abu kuma. Lambobin da ke wayarki ba naki ba ne ke kaɗai. Amana ce mutane suka ba ki. Surukarki ba ta ci bashi ba, ba ta kuma yarda wani kamfani ya riƙe lambarta ba.

Hukuma ta san da wannan ɓarna. A watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ci wani kamfanin bashi mai suna Soko tarar naira miliyan 10 saboda irin waɗannan saƙonni. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas, daga baya kuma ta wajabta musu rajista, tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta. Kamfanin Google ma tun ƙarshen watan Mayun 2023 ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobin waya da hotunan mutane, kuma ƙa'idarsa ba ta yarda da bashin da ake tilasta biya duka cikin kwana 60 ko ƙasa da haka ba. To kin ga wadda kika samu ta karya ƙa'ida biyu tun ba a je ko'ina ba. Ina kyautata zaton ta wani mahaɗi aka turo miki ita a WhatsApp ko Facebook. In har kin riga kin sauke ta, ki shiga saitin waya ki janye duk izinin da kika ba ta, sannan ki goge ta.

Ga keke kuma, ki fara da abin da ke kusa. Masu bikin nan su ba da rabin kuɗin ɗinki kafin a yanka yadi. In kina cikin adashi, ki roƙi uwar adashi a yi miki musayar kwasa da wadda ba ta matsu ba. Mai gyaran keke ma in kun saba zai karɓi rabi yau, rabi bayan biki. Duk waɗannan sun san fuskarki, kuma ba wanda zai kira surukarki a cikinsu.

Ta biyu daga wani ɗalibi a Kano: "Na tara kuɗi zan sayi waya. Abokaina sun ce in je Farm Centre in ɗauki iPhone ta hannu, ni kuma ina tunanin sabuwar Tecno ko Infinix a kwali. Wanne ya fi? Kuma zan ba da tsohuwar wayata in yi ciko."

Ƙanena, in karatu ne gabanka, ga wutar lantarki yadda take, ni sabuwa a kwali zan ce ka ɗauka. Batirinta sabo ne, tana da garanti, kayan gyaranta na ko'ina kuma da sauƙi. Tsohuwar iPhone tana da kyamara mai kyau, wannan gaskiya ne, amma in gilashinta ya fashe kuɗin canji zai iya cinye abin da ka yi tsimi na wata biyu.

In ranka ya kafe a kan ta hannu, kar ka biya sai ka zauna a shagon ka yi abu huɗu ko biyar da hannunka. Ka danna *#06#, lambar shaidar wayar mai lamba 15, wato IMEI, za ta fito, ka sa mai shago ya rubuta ta a rasit tare da sunan shago da kwanan wata. Wannan rasit shi ne shaidarka ranar da aka bi sawun wayar sata aka zo kanka, domin 'yan sanda wanda suka samu da waya a hannu suke fara kamawa. Ka sa a mayar da ita sabuwa a gabanka, ka ga ta tashi ba ta nemi iCloud ko asusun Google na wani ba. In ta nema, ajiye ta, ko nawa aka rage maka. Ka duba lafiyar batir a saiti, in ya yi ƙasa da kashi 80 ka san canji na tafe. Ka sa layinka ka yi kira. Sannan ka tambaya ƙarara ko wayar bashi ce, irin wadda ake biya kaɗan-kaɗan, domin waɗannan in mai ita na farko ya daina biya, kamfanin daga nesa yake kulle ta, sai ta mutu a aljihunka bayan mako biyu.

Za ka ga wasu shaguna sun manna takarda cewa kayan da aka saya ba a dawowa da shi. Dokar kare masu saye ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibu a gyara, ko a canja, ko a biya shi, kuma takardar bango ba ta soke doka. Amma kai ƙara wahala ce, gara ku yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce a bayan rasit.

Tsohuwar wayarka kuwa, a nan ne samari da 'yan mata ke yawan yin sakaci. Goge hotuna ɗaya bayan ɗaya bai isa ba. Ka kwashe abin da kake so, ka fita daga asusun Google da WhatsApp da manhajar banki, ka zare layi da memori, sannan ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Haka in za ka kai gyara. Canjin gilashi ko bakin caji ba ya buƙatar a karɓi lambar buɗe wayarka a ce ka dawo gobe. In gwaji za a yi, ka buɗe da kanka kana tsaye. Mafi yawan masu gyara mutanen kirki ne masu neman halal, amma shago ɗaya hannu nawa ne ke ciki? Hotunan ƙannenka mata da na mahaifiyarka na cikin wayar nan.

Ta uku, wani direban Adaidaita Sahu: "Wani abokina ya ce in ara masa NIN ɗina ya yi rajistar layi, nasa ya samu matsala. Wani kuma ya ce zai ba ni kuɗi in ba shi NIN da BVN ya buɗe asusu."

Malam, duka biyun a'a. Tun watan Disambar 2020 da gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da NIN, layin da ke kan lambarka kai ne a idon hukuma. In aka nemi kuɗin fansa da shi, ko aka damfari wani, ƙofarka za a ƙwanƙwasa. Abokin naka na iya zama mutumin kirki, amma waya na faɗuwa, ana sace ta, ana sayar da ita da layi a ciki. Ka raka shi ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, a gyara nasa, wannan shi ne taimakon.

Na biyun kuwa ba abokin arziki ba ne. Asusun da za a buɗe da sunanka kuɗin sata za a riƙa bi da su ta ciki, shi ya kwashe ya ɓace, kai a rufe maka duk asusun da ke kan BVN ɗinka. 'Yan kuɗin da zai ba ka ba za su kai ka ko ofishin lauya ba.

Ta huɗu, wata Hajiya daga Katsina: "Na je cire kuɗi wurin mai POS, ya ce bai yi ba, amma alat ya shigo an cire mini. Ya ce in je banki."

Hajiya, gaskiya ya faɗa, bankinki ne zai dawo da su, ba shi ba. Ki karɓi takardar da injin ya fitar mai nuna bai yi ba, ko ki ɗauki hotonta, domin rubutunta na gogewa da wuri. Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar a 2020 ta ba bankuna awa 72 su mayar da kuɗin POS da suka maƙale. In sun wuce, ki shigar da ƙorafi a rubuce, ki karɓi lambar ƙorafin. In mako biyu ya cika shiru, ki kai ga sashen kare masu hulɗa da banki na CBN da wannan lambar.

Sai dai ki yi hattara da abin da ke biyo baya. Mutane kan rubuta kukansu a shafin banki na Facebook, minti kaɗan sai wani ya kira ya ce daga banki yake, a karanto masa lambar da ta shigo waya don a dawo da kuɗin. Banki ba ya tambayar lambar sirrin kati, ba ya tambayar lambar da ya turo miki. Ki kashe wayar kawai. Kuma don Allah a daina miƙa wa yaro kati a faɗa masa lambar sirri a bainar jama'a, ko a rubuta ta a jikin katin.

Ta ƙarshe ta zo ba suna ba gari: "Ina zargin matata. An nuna mini manhajar da ake biya wata-wata, in sa mata a waya in riƙa ganin saƙonninta ba ta sani ba. Tana aiki?"

Ɗan'uwa, na ji nauyin abin da ke zuciyarka, kuma ban raina shi ba. Amma ba zan taimaka maka ka sayi wannan ba. Allah Ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 12, a nisanci yawan zato, kuma kada a yi leƙen asirin juna. Bai ware mata da miji ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya ma ya kare sirrin wasiƙu da maganar waya na kowane ɗan ƙasa.

Ka kuma san yadda abin ke aiki. Saƙonnin ba daga wayarta zuwa taka suke tahowa kai tsaye ba. Sai sun bi ta kwamfutocin masu manhajar, mutanen da ba ka san sunansu ba, ba ka san ƙasarsu ba. Hotunan matarka a cikin ɗakinta, da hirarta da mahaifiyarta da 'yan'uwanta, duk za su zauna a hannun baƙi, kai kuma kana biyan su a kan haka. An sha kutsawa cikin rumbun irin waɗannan kamfanoni a watsa abin da suka tara. Da yawa daga cikin waɗanda ake tallatawa a WhatsApp ma ba sa yin komai sai karɓar kuɗi da lambar katinka.

In ba ka ga komai ba, zargin ba zai tafi ba, za ka ce ta goge. In kuma ta gano, kuma ana iya ganowa saboda batir da data na ƙarewa da wuri, to ka ba ta hujjar da ba ta da ita a da. Ka zauna da ita a lokacin da ba fushi, ka faɗi abin da ka gani ko ka ji. In bakinka ba zai iya ba, ka samu waliyyinta ko wani babba da ku duka kuke jin nauyinsa. Ka sake rubuto mini bayan kun yi magana, in ka so ba zan buga ba, zan amsa maka kai kaɗai.