Shinkafa a lokacin ƙarancin ruwa: me za a saya, me za a bari?

Tambaya: Malam, ruwan sama kan ɗauke mana a tsakiyar damina, wani lokaci har mako biyu. Mai sayar da iri ya nuna mini buhu biyu, ɗaya an rubuta "mai jure fari", ɗayan kuma "mai nuna da wuri". Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, irin nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Mai nuna da wuri tsere wa fari yake yi: cikin kwana 90 zuwa 100 ya gama, kafin damina ta janye. Ya dace da wanda ruwa ke yanke masa a ƙarshen damina. Kai kuwa a tsakiya ruwan ke ɗauke maka, kuma in hutun ya faɗo daidai lokacin da shinkafar ta ɗauki ciki, saurinta ba zai cece ta ba. Saboda haka mai jure farin ya fi kusa da matsalarka, in har da gaske shi ne a cikin buhun.

Juriyar nan galibinta a ƙarƙashin ƙasa take. Shinkafar fadama ta saba da ruwa a kwance, shi ya sa yawancin saiwarta ba ta wuce santimita 20 na saman ƙasa, kuma nan ne ke fara bushewa. Ta tudu tana da saiwa mai kauri wadda ke nutsawa ta nemo laima. A 2013 masu bincike daga Japan sun bayyana wata ƙwayar gado mai sa saiwa ta nutsa ƙasa, da suka kira DRO1, wadda suka samo a jikin Kinandang Patong, wata shinkafar tudu ta ƙasar Filifin. Da suka shigar da ita cikin IR64, sanannen irin ban ruwa mai gajeriyar saiwa, sai saiwar ta miƙe ƙasa maimakon ta bazu gefe, kuma ta ba da amfani a farin da ya kusa kashe IR64 ta asali. Nau'o'in NERICA, waɗanda Monty Jones ɗan Saliyo ya jagoranci samar da su a shekarun 1990 ta hanyar haɗa shinkafar Afirka da ta Asiya, na farkonsu duk don tudu aka yi su. A Indiya kuma akwai Sahbhagi Dhan, wanda aka samar tare da cibiyar binciken shinkafa ta IRRI don gonakin da suka dogara da ruwan sama.

To amma "mai jure fari" kirari ne, ba suna ba. Ka nemi sunan irin, da kwanakin da yake ɗauka, da kuma ko na tudu ne ko na fadama. Mai shagon da ya kasa faɗa maka waɗannan, bar masa kayansa. Ka kuma sani cewa doguwar saiwa ba ta da amfani in akwai dutse ko ƙasa mai tauri kusa da sama a gonarka, don ba inda za ta bi. Sayi kaɗan tukuna, ƙirga ƙwaya 100 ka jiƙa a tsumma. In ƙasa da 80 suka tsiro, kada ka koma. A bana ka ba sabon irin wani sashe na gonar kawai, kusa da wanda ka saba, ka ga bambancin da idonka.

Tambaya: Da rana tsaka ganyen shinkafata yana naɗewa kamar tsinke, hankalina ya tashi. Ina tunanin sayen injin ban ruwa, amma kuɗin mai ba zai kai ni har girbi ba. Ya zan yi?

Amsa: Malam, naɗewar ganye dabara ce ta shukar kanta. A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iska ke shiga, ta nan kuma ruwa ke fita. Da saiwa ta ji ƙasa na bushewa, sai shukar ta rufe ƙofofin, ta naɗe ganyen don rage fuskar da rana ke duka. Ka je gonar da sassafe. In ka tarar ganyen ya warware, shinkafar na riƙe da kanta. In kuwa har da safe a naɗe yake, ko bakinsa ya fara ƙonewa, ƙishin ya yi nisa.

Sai dai dabarar ba kyauta ba ce. Duk sa'ar da ƙofofin ke rufe, shukar ba ta haɗa abinci, girma ya tsaya. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne cewa asarar ta danganta da matakin girman da shukar take ciki. Lokacin da take 'ya'ya, ƙishi zai rage mata yawan 'ya'yan, ya jinkirta furenta, amma da ruwa ya dawo takan farfaɗo. Daga ɗaukar ciki zuwa fure kuwa babu farfaɗowa. Zangarniya kan maƙale a cikin kube ta kasa fitowa gaba ɗaya, garin fure ya bushe, ƙwaya ba ta ƙullu ba. Ga kuma zafi: ruwan da ke fita ta jikin shukar shi ke sanyaya ta, kuma zafin da ya haura digiri 35 a lokacin fure yana hana ƙwaya ƙulluwa. Gona ce za ka gani kore shar daga nesa, ranar sussuka sai ƙaiƙayi.

Don haka man da kake da shi, ajiye shi don mako ɗaya kafin fure zuwa mako ɗaya bayansa. In buƙatarka ba ta wuce ta 'yan makonnin nan ba, haya ta fi saye, amma ka yi magana da mai injin tun da wuri, don lokacin da kake nema kowa ma nema yake. In ka dage sai ka mallaki naka, fara tabbatar da cewa rijiyar ko rafin da za ka ja ba ya ƙafewa a daidai wannan lokacin.

Ga mai fangali da ruwa ke kwanciya a ciki, akwai abin da ya fi duk wata na'urar awo araha. Samu bututun roba mai tsawon santimita 30, huda rabinsa na ƙasa, kafa shi har rabin ya nutse, ka kwashe lakar ciki. Bar ruwan gonar ya tsotse, kada ka sake ba da wani sai ruwan cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da saman ƙasa, sannan ka cika gonar har ruwan ya kai santimita 5 a saman ƙasa. Saman ya bushe a ido, amma saiwa na cikin laima. IRRI ce ta yaɗa wannan tsari, kuma yana iya rage ruwan da gonar ke sha har kashi 30 cikin ɗari ba tare da amfani ya ragu ba. A makonnin fure dai a dakatar da shi, a bar ruwa a kwance. A ƙasa mai yashi da yawa ma ba na ba da shawararsa, ruwan saurin zurarewa yake yi.

Tambaya: An tallata mini wani maganin feshi wai yana hana fari cin shinkafa. Wani kuma ya ce in ƙara mata takin yuriya ta yi ƙarfi. Ni mace ce, gonar ƙarama, kuɗin ma ƙalilan ne.

Amsa: Hajiya, riƙe kuɗinki. Babu abin da za a fesa a ganye ya maye gurbin ruwan da saiwa ba ta samu ba. Yuriya kuma a busasshiyar ƙasa asara ce, ba za ta narke ta kai ga saiwa ba, wani kason ma iska zai bi. In kuma ta yi yawa tun farko, sai shukar ta cika ganye, ganye mai yawa kuwa ruwa mai yawa yake sha, ga cutar ƙunar ganye da wuyan zangarniya da ke son shinkafar da ta ƙoshi da yuriya tana fama da ƙishi. Jira ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙe, sannan ki zuba kaɗan.

Kuɗin maganin ki biya masu cire ciyawa, don ciyawa na shan laimar da shinkafarki ke nema, kuma ta fi ta iya neman. Abin da ya rage a gyara kunyoyin gefen gona a toshe duk wata kafa, yadda ruwan da zai sauka nan gaba zai tsaya a ciki.