Ku Tambayi Anti Mai Hoto: Ɗaukar Kayan Amarya a Safiyar Biki

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni mai ɗaukar hoto ce a Agege, ban daɗe da farawa ba. An ba ni aikin bikin wata 'yar unguwarmu, ɗaurin aure ranar Asabar da hantsi, dina kuma da dare a Ikeja. Amarya ta ce lallai tana son hoton zobe da sarƙa da takalmi da lalle, irin waɗanda take gani a Instagram. Kyamarata Canon ce, gilashin kyamara (lens) ɗaya gare ni mai milimita 50. Duk sanda na gwada, gwal sai ya fito fari fat, ko hoton ya yi dishi-dishi. Ga ɗaki cike da mutane. Yaya zan yi? Daga ƙanwarki a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kyamararki ta isa, kada ki ci bashi don sayen wata. Aikin nan tun ran gini ran zane ne, kuma da mutanen gida ake fara shi. A kowane gidan biki akwai mace ɗaya da makullin akwati ke ɗaure a bakin zaninta, ko gwaggo ko yayar amarya. Ki neme ta tun ranar kamu, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce, "Gwaggo, don Allah a haɗa min kayan amarya wuri ɗaya a daren Juma'a." Ki lissafa mata: zobe, sarƙa da ɗan kunne, awarwaro, takalmi, jaka, mayafi, katin gayyata, kwalbar humra. In ba haka ba, za ki iso ki tarar takalmi yana wurin babbar ƙawa a Idi-Araba, ita kuma tana cikin cunkoso a Oshodi.

Ki fito da sassafe, ki riga mai kwalliya isa. Sa'ar da amarya ke zaune ana yi mata fuska, ita ce taki, domin sai an ɗaura gwaggwaro ake saka gwal. Idan Gwaggo ta miƙo miki kayan, ki ƙirga su a gabanta da babbar murya, in kin gama ki sake ƙirgawa a tafin hannunta. Ban taɓa sassauta wannan ba. Gidan biki ɗan kunne ɗaya ya ɓace, baƙuwar da ta taɓa shi za a fara tunawa.

Farin da gwal ke yi miki, filasha ce. Ƙarfe mai sheƙi yana mayar da duk hasken da aka watsa masa kai tsaye. Ki kashe filasha, ki kashe ƙwan ɗaki ma, domin haskensa rawaya ne ko shuɗi-shuɗi, in ya haɗu da na rana launin gwal sai ya dagule. Ki ja ƙaramin tebur kusa da taga, haske ya zo daga gefe, ki jingina farin kwali a ɗaya gefen ya cike inuwa. In rana ta shigo da ƙarfi, ki rataya farin mayafi mai shara-shara a tagar. Ki rage haske kaɗan ƙasa da abin da kyamara ta zaɓa, ki ɗauka a RAW, wato tsarin da ke adana ɗanyen hoto yadda kyamara ta kama shi: wurin da ya yi duhu ana iya ɗago shi a kwamfuta, wanda ya ƙone fari ya tafi ke nan. Kafin komai ki goge zoben da ƙyalle mai laushi, shatin yatsa yana fitowa ɓaro-ɓaro.

Dishi-dishin kuwa ina zargin abu biyu. Gilashi mai milimita 50 ba ya kama abin da ya fi kusan santimita 30 zuwa 45 kusa da shi, ya danganta da samfurin, don haka ki ja baya, ki yanke hoton daga baya. Na biyu, kina buɗe ƙofar hasken gilashin sosai har f/1.8, inda a wannan kusancin bakin zobe kaɗai zai fito. Ki tsuke ƙofar zuwa f/5.6, saurin ɗauka kada ya gaza 1/160 na daƙiƙa, ki ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 800 ko 1600 ba tare da fargaba ba. Sai kuma laimar Legas: in kin fito daga ɗaki mai na'urar sanyi zuwa baranda, gilashi yana yin raɓa nan take. Ki bar shi ya ɗumama raɓar ta tafi da kanta, kada ki dirje shi da gefen hijabi.

Abin da ya fi damuna shi ne shimfiɗa. Yaranmu suna sayo farar takarda da furen roba, har hoton amaryar Agege ba a bambanta shi da na amaryar Landan. Ga ashoke, saƙin Yarbawa, da leshin da aka sha rana aka sayo a kasuwar Balogun, ga lafayar da za ta sa a dina, ga faifai mai launi. Ki ɗora zobe a kansu. Ki sa a zuba turaren wuta a kasko, ki ajiye shi inda hasken taga zai bi ta bayan hayaƙin, bayansa kuma da duhu, sai hayaƙin ya fito yana murɗewa. Sannan ki tambayi mahaifiyar amarya ko a kayan akwai na gado. Sau da yawa za a ɗauko miki tsohon murjani ko awarwaron azurfa da kakarta ta zo da shi daga Kano ko Katsina. Wannan ki ɗauke shi a hannun uwar tana saka wa 'yarta.

Lalle kuma a bakin taga ake ɗaukarsa. Ki sa ta ɗora hannu a kan yadi marar ado, ta saki yatsu, ta shafa mai ɗan kaɗan. Jan lalle yana ƙara nuna bayan kwana ɗaya ko biyu, don haka na safiyar ɗaurin aure ya fi na ranar ƙunshi kyau. Ƙafa sai kin nemi izini. Haka sa hoto a intanet: ki tambayi amarya da ango, kuma hoton gwal kada ya fita da sunan unguwa a jikinsa.

Tambaya: Anti, ni ango ne. Mai hoton da na ɗauka namiji ne, surukaina sun ce ba zai shiga ɗakin amarya ba. Daga Obalende.

Amsa: Ango, Allah ya sanya alheri. Surukanka suna da gaskiya, kada ka ja da su. Zobe da takalmi ba sa buƙatar ɗakin amarya; ƙanwarta ta fito da su falo ko baranda, ta tsaya har a gama ta mayar. Lalle da saka gwal kuwa, ka ce wa mai hotonka ya zo da mace abokiyar aiki, ku yi cinikin kuɗinta tun yanzu.