Me ya sa masu gyaran daji a Amurka suke sare itatuwa suna cinna wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Shikago, asalina mutumin Katsina. Ranar Asabar wani abokin karatuna ya ja ni aikin sa-kai a wani dajin gwamnati da ke bayan gari, wai za a farfaɗo da shi. Na ɗauka dashe za mu yi. Da muka isa sai aka miƙo mini zarto, muka yi ta sare itatuwa ɗanyu shar muna jibga su a wuta. Aka kuma ce idan Maris ya kama za a banka wa filin wuta gaba ɗaya. Mu da muka tashi ana yi mana gargaɗin kwararowar hamada, wannan ai ɓarna ce a idonmu. Akwai ilimi a ciki kuwa? In akwai, me ya kamata in sani kafin in koma?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai ilimi a ciki, kuma ba kai ne farkon wanda abin ya ɗaure wa kai ba. A 1996 mazauna unguwannin da ke maƙwabtaka da waɗannan dazuzzuka sun yi ta ƙorafi kan saran itace da feshin maganin kashe tsiro, har hukumar gundumar Cook, inda Shikago take, ta dakatar da aikin na wani lokaci.

Ciwon ƙasar Katsina da na Ilinoi, jihar da Shikago take, ba ɗaya ba ne. A gida ruwa ne ya yi kaɗan, itace yake ƙarewa. A Ilinoi ruwan da ke sauka a shekara ya kusa milimita 1,000, wanda ya ishi kurmi ya tashi a ko'ina. Amma da Turawa suka iso, abin da suka tarar a mafi yawan jihar shi ne sararin doguwar ciyawa, wanda suke kira prairie, wajen eka miliyan 22, da kuma dazuzzukan itacen oak masu tazara waɗanda rana ke ratsawa har ƙasa. Wuta ce ta riƙe ƙasar a haka shekaru dubbai. Wani lokaci tsawa ce ke tada ta, amma yawancinta mutanen asalin wurin ne ke cinnawa, irin su ƙabilar Potawatomi, don farauta da buɗe hanya. Bayan yarjejeniyar Shikago ta 1833 aka tashe su, wuta ta mutu. A 1837 John Deere ya ƙera garmar ƙarfe mai iya tsaga saƙar saiwar wannan ciyawa, kafin ƙarshen ƙarnin mafi yawan filin ya koma gona. Ingantaccen abin da ya saura a yau bai wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu goma ba, yawanci a tsofaffin maƙabartu da gefen layin dogo, inda garma ba ta taɓa shiga ba.

Babbar ciyawar wurin, big bluestem, 'yar'uwar gamba ce, dangi ɗaya suke a ilimin tsirrai. Ka san halin gamba: a ƙone ta da rani, ruwan farko ta fito fes. Haka wannan take, domin idon tohonta yana cikin ƙasa, saiwarta kuma tana nutsawa mita biyu ko fiye. Shi ma bur oak, wani irin oak kuma sarkin itatuwan wurin, ɓawonsa mai kauri ne, wuta takan lashe shi ta wuce. Abin da ba ya jurewa shi ne inuwa, musamman yana ƙarami. In ka koma, ka ɗaga kai ka dubi tsofaffin oak ɗin da ke tsakiyar duhuwar. Za ka ga rassansu sun miƙe gefe da gefe kamar na tsamiyar bakin kasuwa, na ƙasa kuma sun bushe. Itacen da ya girma a cikin kurmi sama yake miƙewa siriri. Mai faɗin nan a sarari ya tashi, daga baya aka rufe shi. Sannan ka duba ƙasa ka nemi 'ya'yansa ƙanana, da wuya ka ga ko ɗaya.

Abin da aka sa ka sara, kusan tabbas, wani ƙaramin itace ne da ake kira buckthorn. Daga Turai aka kawo shi a ƙarni na 19 don shingen gida. Yana riga kowa fitar da ganye, yana kuma riƙe shi kore har cikin Nuwamba bayan sauran sun kaɗe, shi ya sa a ƙarshen shekara ya fi sauƙin ganewa. Tsuntsaye suna cin baƙaƙen 'ya'yansa, suna sa su zawo, su yaɗa irin ko'ina. Ganyensa yana ruɓewa da wuri, ƙasa ta zauna tsirara, babu busasshen abin da wuta za ta ci. Ganyen oak kuwa yakan bushe ya nannaɗe ya daɗe, shi ne makamashin dajin. Ka ga ke nan buckthorn ya tare rana, ya kuma kashe wutar da za ta kore shi.

Kafin ka sa zarto, ka kankare ɓawon da bakin wuƙa. Na buckthorn cikinsa ruwan lemo ne, kuma a ƙarshen ƙananan rassansa akwai 'yar ƙaya. Sabon hannu yakan rikita shi da ceri ko filam na daji, waɗanda 'yan ƙasa ne. In kana shakka, tambayi jagoran wurin. Za ka ga wani lokaci an sa alama a kan itatuwan asalin wurin irin su maple a ce a sare, don sun shaƙe oak. Wannan hukuncin jagora ne bisa tsarin da hukuma ta amince da shi, ba na mai sa-kai ba.

Sara a yi shi ƙasa-ƙasa, kamar yatsa uku zuwa huɗu daga doron ƙasa, kuma a kwance, ba a karkace ba. Kututture mai tsini yana huda takalmi da tayar mota, maganin kashe shi da aka shafa masa kuma ya zurare. Maganin nan shi ne rabin aikin. Manoman Maraɗi tun shekarun 1980 suka maido da itatuwa a gonakinsu ta hanyar barin tohon kututture suna yi masa aski. Wannan baiwar ta kututture ita ce masifa a wurinku: buckthorn ɗaya da aka sare aka bari zai dawo da rassa goma ko fiye, ya fi da cunkushewa. Don haka ake bi da maganin glyphosate mai ƙarfin kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, ko triclopyr, a shafa da soso a zoben da ke dab da ɓawo, domin nan ne mai rai, tsakiyar itacen ba ya kai komai saiwa. Wanda aka dama da ruwa dole a shafa shi cikin 'yan mintoci, kafin fuskar saran ta bushe. In sanyi ya kai na daskarewa, sai wanda aka haɗa da mai. A Afrilu da Mayu ba ya ci sosai, saboda ruwan itacen sama yake tasowa, ya turo maganin waje. Ana zuba masa shuɗin rini don a gane wanda aka shafa. Kai dai ba za a ba ka kwalbar ba sai kana da lasisin ma'aikatar gona ta jihar, wanda ake samu bayan jarrabawa. Aikinka shi ne kada ka rufe kututture da rassa ko ganye, mai magani ya wuce bai gani ba.

Tarin da ake ƙonawa a yi shi nesa da inuwar oak, domin zafin da ke tashi yana dafa rassan sama. A yanka itacen guntu-guntu, a jera su fuska ɗaya, a riƙa jefawa daga inda iska ke fitowa. Ka sa tsofaffin kayan auduga ko ulu. Rigar sanyi ta leda, tartsatsi ɗaya ya ishe ta, kuma narkewa take yi a jikin fata.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan saran. An buɗe wuri, rana ta sauka a kan ƙasar da ke cike da irin buckthorn, sai su fito kamar gashin kai. Ƙungiyar da ta share eka biyar don hoto ya yi kyau, ba ta da irin da za ta yafa ko hannun da zai dawo baɗi, gara ta tsaya a rabin eka. Ƙananan ana tuge su da hannu idan ƙasa na da laima. Sannan a yafa irin ciyawar asalin wurin mai saurin tashi, irin su wild rye, ta rufe ƙasa ta kuma zama makamashi. Akwai wani baƙon da ke bin sahu, garlic mustard, mai warin tafarnuwa in an murza ganyensa. Shekara biyu yake rayuwa. A ta biyu, cikin Afrilu da Mayu, ake tuge shi har saiwa. In ya riga ya yi fure a zuba shi a buhu a fitar, domin ko a yashe a ƙasa yana iya ƙarasa nuna irinsa.

Tara iri shi ne aikin da ya fi daɗi, shi ne kuma ke koya wa mutum tsirrai. Ana farawa tun tsakiyar shekara, ya yi ƙarfi a Satumba da Oktoba. Irin da ya nuna yakan zubo a tafin hannu da ɗan jan kaɗan. In sai ka yi kokawa da shi, da saura. Ba a kwashe duka: a tsiro mai yawa a ɗauki abin da bai wuce rabi ba, a wanda ya yi ƙaranci kuwa sai abin da jagora ya ce. A zuba a jakar takarda, kada a sa a leda, don zai yi gumi ya yi fumfuna cikin kwana biyu. A shanya a inuwa, a murje a kan rariya. Yawancin furannin wurin ba sa tsira sai irinsu ya sha sanyi da laima na wata ɗaya zuwa biyu, wasu ma fiye. Saboda haka ake yafawa daga Nuwamba zuwa cikin hunturu, har a kan dusar ƙanƙara, inda mutum ke ganin inda hannunsa ya kai. Daskarewa da narkewar ƙasa su ne ke shigar da shi. Ana cakuɗa shi da yashi ko garin katako don ya bazu. Kada a binne, da yawansu ƙanana ne kamar ƙura, haske suke so. Kuskuren da aka yi a filayen farko da aka farfaɗo da su shi ne cika doguwar ciyawa a cikin haɗin, ta tashi ta danne furanni, wuri ya zama gonar ciyawa zalla. Yanzu ana rage ta sosai.

Shekarar farko filin da aka shuka abin kunya ne a ido, duk ciyawar banza. 'Yan ƙasar suna nan, tsawon ɗan yatsa, ƙarfinsu duk yana tafiya saiwa. Ana yanke filin a tsawon kamar santimita 15 zuwa 20 sau biyu ko uku don haske ya kai gare su. Sai shekara ta uku ake fara ganin abin da aka shuka. Filin Curtis na jami'ar Wiskonsin tun shekarun 1930 ake aikinsa, na Schulenberg a lambun itatuwa na Morton Arboretum, kusa da Shikago, tun 1962, masu sa-kai na North Branch, wato reshen arewa na kogin Shikago, da Stephen Packard ya fara tarawa tun 1977, kuma duk har yau ba a sauke zarto ba.

Wutar Maris ba irin ƙunar daji ta masu farautar gafiya ba ce. Tana da takardar izini, da rubutaccen tsari, da shugaba ɗaya wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Lokacinta biyu: Maris zuwa farkon Afrilu, da ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Ana son laimar iska tsakanin kashi 30 da 60 cikin ɗari, da iska mai fuska ɗaya, kamar kilomita 8 zuwa 24 a awa. Ranar da babu iska ko kaɗan ba a so, domin wutar ba ta da alƙibla, hayaƙi kuma ya kwanta a kan titi da gidaje. Tun kafin ranar an yanke ciyawa an share iyaka kewaye da filin, an kuma janye ganye da manjagara daga gindin matattun itatuwa, don in suka kama sai su kwana suna ci. Ana fara cinnawa a gefen da iska ta nufa, wutar ta riƙa ja da baya a hankali tana cin iska, har ta bar baƙin layi mai faɗi. Daga nan a bi gefuna biyu, a ƙarshe a kunna ta gefen da iska ke fitowa, ta taho a guje ta tarar da toka ta mutu. Masu aiki na ɗauke da butar ɗigon wuta mai haɗin man dizal da ɗan fetur, da tankin ruwa na goyo mai cin lita 19, da faifan roba mai dogon ƙota na danne harshen wuta. Ba a ƙone wuri duka a shekara ɗaya. Ƙwai da tsutsar malam-buɗe-littafi da sauran ƙwari suna kwana a cikin busasshiyar ciyawa, kuma tunda filayen sun zama tsibirai a tsakiyar gari, in aka ƙone duka babu inda wasu za su zo daga. Ba za a sa ka a layin wuta ba sai ka yi horo. Kwasa-kwasan da aka fi sani su ne S-130 da S-190.

Jikinka ma yana son kula. Koyi gane poison ivy, mai ganye uku-uku, wanda igiyarsa mai gashi ke hawa itace. Man jikinsa yana sa ƙuraje ko a hunturu, hayaƙinsa kuma yana illata huhu, don haka ba ya shiga tarin wuta. Ruwan jikin tsiron wild parsnip in ya taɓa fata rana ta buga, sai bororo kamar ƙunar tafasasshen ruwa. Ka cusa ƙafar wando cikin safa, in ka dawo gida ka binciki jikinka saboda kaska, tana ɗauke da cutar Lyme. Kada ka ji wa oak ciwo daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin ne ƙwaro ke kai masa cutar da ke busar da shi ta bakin rauni. Ka kuma goge taɓon takalminka da buroshi kafin ka shiga da bayan ka fito, domin irin garlic mustard a cikinsa yake tafiya daga daji zuwa daji.

Aikin gayya ne na kamar awa uku, su ke ba da zarto da safar hannu. Maimakon zagaya dazuzzukan gundumar, waɗanda suka kai kusan eka 70,000, ka zaɓi wuri ɗaya ka riƙa komawa. Ka ɗauki hoton inda kuka sare daga gindin wani oak da za ka iya ganewa, ka sake ɗauka daga nan a Yuni, ka ƙirga kututture nawa suka yi toho, ka kai wa jagoran lissafin.