Tambayi Likita: Takalmi Mai Siririn Ƙasa, Wa Zai Amfana, Wa Zai Cutu?

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru: takalman nan na zamani masu siririn ƙasa, waɗanda ba su da tudun dunduniya, gabansu kuma da faɗi, har Turawa ke cewa wanda ya sa su kamar ba takalmi yake tafiya. Na zaɓi biyar daga ciki.

Tambaya daga wani ma'aikaci a Jos: Assalamu alaikum likita. Shekarata 38. Ƙarshen mako mukan hau duwatsun Shere ni da abokaina. An kawo mini tsarabar irin wannan takalmi daga Turai, aka ce ya fi lafiya. Ranar Asabar na sa shi muka yi awa biyar a dutse. Yau kwana huɗu sharaɓata kamar an daka ta a turmi, saman ƙafata ta dama kuma yana zafi. Laifin takalmin ne ko nawa?

Wa alaikumus salam, malam. Allah ya ƙara sauƙi. Ka ɗora wa ƙafarka aikin wata uku a yini ɗaya, shi ne abin da ya faru.

Ƙafar mutum tana da ƙashi 26 da gaɓoɓi 33, ga tsoka da jijiyoyi sama da 100 da suka ɗaure su. Takalmin da ka saba sawa zuwa ofis ko wurin motsa jiki yana ɗage dunduniya sama da yatsu da kamar milimita 8 zuwa 12, yana da katifa a ƙasa, yana kuma tallafe ramin tafin ƙafa. Shekara da shekaru shi yake yi wa ƙafar rabin aikinta. Sabon naka kuwa ƙasansa bai wuce 'yan milimitoci ba, dunduniya da yatsu a shimfiɗe suke daidai wa daida. Da ka sa shi, dunduniyarka ta sauka ƙasa fiye da inda ta saba, agara da sharaɓa suka miƙe a kowane taku, dubban taku kuwa, a kan dutse, da hawa da gangara. Wannan shi ne tsamin sharaɓar. Zai lafa cikin mako guda in ka huta.

Zafin saman ƙafar ne ya fi ɗaga mini hankali. Ka sa yatsa ka bi dogayen ƙasusuwan da suka tashi daga tsakiyar ƙafa zuwa yatsu, musamman na biyu da na uku. In akwai wuri ɗaya tak da in ka danna sai ka zabura, ko wurin ya ɗan kumbura, ko zafin yana ƙaruwa in ka yi tafiya ya lafa in ka zauna, to ka je asibiti. Ƙashi yakan yi siririyar tsagewa kamar silin gashi saboda maimaita nauyi ba tare da an faɗi ko an buge ba. Kuma ka sani hoton ƙashi na farko yakan fito lafiya lau a mako biyu ko uku na farko alhali tsagewar tana nan. Kada a ce maka "ba komai" ka koma dutse. Irin wannan yana son hutun mako shida zuwa takwas.

Ba kai ka fara ba. A 2013 masu bincike a Jami'ar Brigham Young da ke Amurka sun bi 'yan gudun da suka koma wani takalmi mai siririn ƙasa na kamfanin Vibram, mai suna FiveFingers, cikin mako 10, suka ɗauki hoton ƙafafunsu da na'urar MRI, sai aka ga fiye da rabinsu sun sami alamar kumburi a cikin ɓargon ƙashin ƙafa. A 2014 kuma kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar kan alkawuran lafiya da ke cikin tallansa. A ɗaya gefen, a 2021 masu bincike a Jami'ar Liverpool ta Ingila sun ba mutane irin wannan takalmi suna harkokinsu na yau da kullum da shi wata shida, ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kusan kashi 57 cikin 100. Ka lura da bambancin: na farko gudu ne cikin gaggawa, na biyu tafiya ce ta yau da gobe, tsawon rabin shekara.

In ƙafar ta warke kana son ci gaba, ga yadda nake ba mutane shawara. Makon farko minti 30 a rana, a tsakar gida ko a hanya mai laushi. Kowane mako ka ƙara kaɗan, in ka wayi gari da ciwo ka koma adadin makon da ya wuce. Ka rage tsawon takunka. Mai takalmi mai katifa yakan jefa ƙafa can gaba ya doka dunduniya, a siririn takalmi kuwa dukan nan kai tsaye yake shiga ƙashi. Kullum ka dafa bango ka ɗaga dunduniya ka sauke a hankali sau 15, ka huta, ka sake, ka kuma riƙa ware yatsunka kana zaune. Sai bayan wata biyu ko uku za ka kai shi Shere, nan ma awa ɗaya, tsohon takalminka yana cikin jaka.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa ya riƙe, don na san yadda ake shan maganin taifod a wajenmu ba tare da ganin likita ba: ciprofloxacin da danginsa suna raunana agara, har takan tsinke, musamman ga wanda ya haura shekara 60 ko yake shan prednisolone. Wanda yake kan wannan magani, ko bai daɗe da gama shi ba, kada ya fara sabawa da takalmi marar tudun dunduniya a lokacin.

Tambaya daga wani ɗalibi a Sikotilan: Likita, ina karatu a nan, muna shirin hawan dutsen Ben Nevis da bazara. Ina son sayen but, wato takalmi mai dogon wuya, mai siririn ƙasa. Yaya zan zaɓa, kuma wuyansa zai hana ni targaɗe?

Ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ka je kanti da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za ka hau dutsen da ita. Ciro shimfiɗar cikin takalmin ka ajiye a ƙasa ka tsaya a kanta da nauyinka duka. In yatsunka sun zarce gefenta, takalmin ya yi maka kaɗan ko da lambar ta yi daidai. Yawancinmu da muka tashi da silifas ko ba takalmi ƙafarmu ta fi faɗi a gaba, don haka kada ka dogara da lamba kawai. A bar sarari kamar kaurin babban yatsan hannu tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmin. Wajen gangara ne za ka gode wa wannan sarari, don in yatsu suna dukan gaba awa uku, farce yakan taru da jini ya yi baƙi ya fita. Amma a idon sawu da tsakiyar ƙafa ya kama ka sosai in ka ɗaure igiya, kada ƙafar ta riƙa zamewa a ciki, nan ne bororo yake farawa.

Sai ka juya shi ka duba ƙasan. Kamfanoni irin su Vivobarefoot da Xero Shoes suna yin na gari mai sulɓin ƙasa, suna kuma yin na daji mai haƙora. Na dajin kake nema. Ƙasar can ruwa ne da taɓo da jiƙaƙƙen dutse.

Game da targaɗe: wuyan irin wannan but laushi gare shi, amfaninsa hana tsakuwa da ruwa shiga da kare fata daga karce, ba zai riƙe maka idon sawu ba. Abin da yake kare ka shi ne ƙarfin gaɓar da saurin jin ƙasa. Ka riƙa tsayuwa da ƙafa ɗaya minti guda kullum, in ka ƙware ka rufe ido. In ka taɓa yin targaɗe fiye da sau ɗaya a ƙafa guda, ka ga likitan gashin ƙashi kafin tafiyar.

Ben Nevis mita 1,345 ne, hawa da sauka yakan cinye awa bakwai zuwa takwas, sama kuma tsakuwa ce zalla, ƙanƙara kan kai farkon bazara ba ta gama narkewa ba. Siririn ƙasa yana shigar da sanyi nan da nan. In lokacin tafiyar ya zo ba ka yi wata uku kana sa shi ba, ka hau da takalmin dutse na yau da kullum. Da hunturu kuwa ban yarda ko kaɗan ba. Ƙarafan da ake ɗaura wa takalmi don kama ƙanƙara sai a kan ƙasa mai tauri suke zama.

Tambaya daga wata hajiya a Kano: Likita, mahaifina shekararsa 67, yana da ciwon suga shekara 12. An ce ya riƙa tattaki. Yana cewa ƙafarsa kamar an sa mata safa, ba ya jin ƙasa sosai. Na ga ana cewa wannan takalmi yana sa a ji ƙasa. In saya masa?

Hajiya, don Allah kada ki saya. Wannan ita ce amsar da na fi so a ji a cikin duka na yau.

Abin da Baba yake kwatantawa alama ce cewa suga ya taɓa jijiyoyin jin ƙafa. Duk hikimar siririn takalmi a kan ji take: ka taka tsakuwa, ƙafa ta ji, ka sauya taku kafin a yi ɓarna. Wanda jin ya tafi, ƙaya za ta huda, ƙusa za ta shiga, kwalta mai zafin azahar za ta ƙona shi, yana tafiyarsa bai sani ba. Na sha karɓar dattawa da gyambon da ya fara daga 'yar tsakuwa a cikin takalmi, wasu ba a rabu da su ba sai da aka yanke yatsa, wasu ƙafa. Takalmin ba ya dawo da jin da ya tafi.

Baba yana bukatar sau-ciki mai kauri da laushi, marar ɗinki mai kaifi a ciki, da safar auduga mai haske don in jini ya fito a gani. Faɗin gaban nan kaɗai za ki ara daga wancan takalmi, shi kam yana da amfani gare shi. Kafin ya sa, a zazzage a sa hannu a laluba. Kowane dare wani ya duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu, musamman da yake alwala tana barin danshi a wurin. A tsane da tawul, a shafa mai a dunduniya saboda faso amma ban da tsakanin yatsu. Kada ya taka ko tsakar gida ba takalmi, kada a yanke masa kanta da reza. Ku kai shi a gwada jin ƙafar da bugun jininta a asibiti, aƙalla sau ɗaya a shekara. Tattakin kuwa ya ci gaba, da safe ko bayan la'asar.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Zariya: Dunduniyata tana soka ni da asuba, takun farko kamar na taka ƙusa, sai na ɗan zagaya ya lafa. Wannan takalmi zai warkar da ni?

'Yar'uwa, wannan kumburin faffaɗar jijiyar da ta shimfiɗu daga dunduniya zuwa yatsu ne, tsayuwar aji tana kawo shi. Yanzu da yake ciwo, siririn takalmi a kan siminti ƙara shi zai yi. Ki sa mai ɗan tudu da laushi, ki riƙa miƙe sharaɓa da jan yatsu zuwa sama kafin ki sauko daga gado, ki mirgina kwalbar ruwan sanyi a tafin ƙafa da yamma. Mafi yawa suna warkewa cikin shekara guda ba tiyata. Bayan ya tafi sai mu yi maganar ƙarfafa ƙafa.

Tambaya daga wani manomi a Gombe: Likita, mu da muka girma da takalmin taya da silifas, ai mun riga Turawa. Makiyaya ma da takalmin roba suke ratsa daji. Zan iya shiga gona da wannan na zamani?

Ka yi gaskiya a rabin maganar, malam. Takalmin taya mai igiya a dunduniya ɗan'uwan wannan ne na jini, mutanen Tarahumara na ƙasar Meziko ma da irinsa suke gudun nisa a duwatsunsu. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci gudun fanfalaki a gasar Olamfik ta Rum a 1960, ko da yake a Tokiyo a 1964 da takalmi ya sake ci, har ya fi sauri. Wanda bai taɓa rabuwa da irin wannan tafiya ba, ƙafarsa a shirye take, ba ya bukatar watannin sabo da na lissafa wa mutumin Jos. Silifas dai daban ne: da yake ba abin da ya riƙe shi a baya, yatsu suna damƙe shi a kowane taku, bai dace da doguwar tafiya ba.

Gona kuma wata magana ce, balle a yankinku. Ba banza aka kafa asibitin saran maciji a Kaltungo ba. Kububuwa a ƙasa take kwanciya, launinta launin ƙasa, mafi yawan saranta a ƙafa da idon sawu yake, ya fi yawa kuma lokacin shuka da girbi. Siririyar fata ko yadi ba abin dogaro ba ne a gabanta, ƙayar aduwa ma tana iya ratsa siririn ƙasa. Gona da ciyawa sai dogon takalmin roba mai kai wa ƙasan gwiwa, ko da zafi, a kuma zazzage shi kafin a zura ƙafa saboda kunama. In ƙaya ko ƙusa ta huda ka, ka wanke da ruwa da sabulu ka je a duba, a yi maka allurar tetanus in ka haura shekara biyar rabonka da ita. In kuwa sara ne, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire takalmin kafin ƙafar ta kumbura, a hana ta motsi, a ɗauke ka zuwa asibitin da ke da maganin dafi.