Tambaya da Amsa: Me ya sa sai majalisa biyu a Abuja?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, albasa nake saukewa daga arewa. Musu ne ya kaure tsakanina da maƙwabcin rumfata, shi ya dage wai sanata da ɗan majalisar wakilai duk aiki ɗaya suke yi, asarar kuɗin talaka ce kawai, gara a rushe ɗaya. Ni na ce ba za a rasa dalili ba amma wallahi na kasa kawo dalilin. Don Allah a raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Maƙwabcinka yana da gaskiya a wuri ɗaya, kuɗin da ake kashewa 'yan majalisa ya yi yawa a ƙasar da mutane ke kwana da yunwa, ni ma abin yana ci min rai. Amma batun rushe ɗaya, a nan na rabu da shi.

Ka fara duba yadda aka raba kujerun. Majalisar wakilai mutum 360 ne, ana rabawa ne bisa yawan jama'a, shi ya sa Legas ke da 24, Kano ma 24, Bayelsa kuwa 5 kacal. A majalisar dattawa ba ruwansu da yawa ko ƙaranci, kowace jiha sanata uku, Abuja ɗaya, kaga 109 kenan. Wato Legas da duk cunkosonta ba ta fi Bayelsa ko Yobe murya ba a wancan zauren. Da wakilai kaɗai ake da su, sai 'yan jihohi masu jama'a su haɗa baki su riƙa juya ƙasa yadda suka so, da kuma dattawa ne kaɗai toh mutanen ƙaramar hukumar Alimosho ta nan Legas da suke maƙil kamar ƙasa guda an danne musu haƙƙi kenan. Daga Amurka muka ɗauko wannan tsarin a 1979, lokacin ma a nan Legas majalisar take zama, wajen dandalin Tafawa Ɓalewa, kafin a tattara a koma Abuja.

Sai yadda doka take fitowa. Ƙudiri zai iya farawa daga kowane zaure, a karanta shi, a tafka muhawara, a tura wa kwamiti su saurari jama'a, a dawo a amince. Bai zama komai ba tukuna, sai ya tsallaka ɗaya zauren su ma sun bi shi daga farko, in aka samu saɓani ko na layi ɗaya ne sai a kafa kwamitin haɗin gwiwa su daidaita, sannan a kai wa shugaban ƙasa, shi kuma kwana 30 gare shi ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, zaurukan biyu za su iya tsallake shi matuƙar kowanne ya samu kashi biyu cikin uku, an taɓa yi a shekarar 2000 da Obasanjo ya ƙi sa hannu a dokar hukumar raya Neja Delta. Kai ma Alhaji ai in tirela ta iso, yaronka ya ƙirga buhu ba ka sallamar direba sai ka sake ƙirgawa da idonka.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne 2006. Ana neman gyara tsarin mulki don a buɗe wa Obasanjo ƙofar tazarce, ƙasa ta ɗau zafi, ranar 16 ga Mayu majalisar dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi fatali da ƙudirin, shikenan magana ta mutu a nan saboda gyaran tsarin mulki ba ya wucewa sai zaurukan biyu sun yarda, ga kuma majalisun jihohi 24. Mai son murɗe ƙasa sai ya shawo kan gida biyu, kuma wannan wahalar da ake ba shi ita ce kariyarmu.

Akwai kuma aikin dattawa su kaɗai, tantance ministoci da jakadu da shugaban INEC da alƙalin alƙalai. Ka faɗa wa maƙwabcinka Senegal ta soke majalisar dattawanta a 2012, Ghana ma zaure ɗaya gare ta, amma su ba tarayyar jihohi 36 ba ne irin tamu. A rage alawus, a buɗe mana lissafi mu gani, wannan ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Rumfarku tana mazaɓar Kosofe ne, sanatanku na Legas ta Gabas.

TAMBAYA: Malam ni ɗan acaba ne a Idi-Araba, tun da aka hana mu aiki muke cikin wani hali. Katin zaɓena na gida ne, Jigawa. In na kai kuka wajen sanatanmu zai iya sa a ɗage dokar?

AMSA: Ƙanena, Allah ya kawo mafita, na san yadda abin ya taɓa gidaje da yawa. Amma gaskiya sanatan Jigawa ba shi da iko a kan wannan, iyakarsa ya yi roƙo. Hana acaba na gwamnatin jihar Legas ne, a 2022 aka hana a ƙananan hukumomi shida, daga baya aka ƙara huɗu har da Mushin inda kake, dokar sufurin da suka dogara da ita kuma majalisar dokokin jiha ce ta yi ta, wadda ke Alausa a Ikeja, mutum 40, zaure ɗaya ne babu na biyu da zai sake dubawa.

Ka ga inda matsalar take, mu da yawa nan muke kwana nan muke tashi shekara da shekaru, amma ƙuri'armu tana can gida, toh ɗan majalisar unguwarku da me zai tuna da kai ranar da ake muhawara? In dai nan ka zauna, ka jira INEC ta buɗe rajista ka nemi a mayar maka da katinka mazaɓar da kake, kyauta ne. Kafin nan ku haɗu da shugabannin ƙungiyarku da Sarkin Hausawan yankin ku rubuta koke, ku kai ofishin mai wakiltar ku a Alausa, ku tabbata an buga hatimi a kwafinku kafin ku fito.