Shin haɗa allo na biyu yana lalata batirin laftof?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi. Na sayi allo na hannu domin in haɗa da laftof ɗina saboda rubutun kundina, sai wani mai gyara ya ce allon zai tsotse batirin har ya kumbura, wai in cire batirin tukuna. Hankalina ya tashi, domin ba ni da halin sayen wata laftof.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka haɗa abinka, kada ka taɓa batirin nan. Idan wayar HDMI ce, hoto da sauti duka za su bi ta ciki, idan kuwa VGA ce, hoto kawai take ɗauka. Ka danna maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi Étendre (wato Extend, idan Windows ɗinka na Turanci ne), sai kundinka ya zauna a babban allo, littattafan da kake dubawa kuma a ƙaramin.

Maganar cire batiri kuwa, wallahi na gaji da jin ta a garin nan. Allon yana da wayarsa ta wuta da yake sha daga bango. Abin da laftof take turawa ta HDMI bai wuce volt 5 ba, da ɗan ƙarfi kaɗan, amfaninsa kawai na'urorin biyu su gane juna. To, ta ina zai tsotse batiri? Wanda ya cire batiri ya raba kwamfutarsa da garkuwarta ne, domin da zarar an ɗauke wuta za ta mutu nan take tana tsakiyar ajiye aiki, kuma ta haka ne fayiloli suke lalacewa, wani lokaci ma Windows ɗin ya ƙi tashi. An sha kawo mini irinsu, mai ita yana hawaye a kan aikin watanni, wanda ya ba shi shawarar kuwa ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Duk wanda bai san aiki ba ya ji tsoron Allah, ya daina koya wa mutane.

Abin da ya fi kumbura batiri shi ne zafi da tsufa. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, kada ka ɗora laftof ɗin a katifa, ka sa ta bisa tebur inda iska za ta shiga ta ƙasa, ka kuma sa a kakkaɓe ƙurar fankarta bayan hunturu. Allon ne ba shi da batirin da zai kare shi, saboda haka shi za ka nema wa na'urar daidaita wuta, musamman idan da janareto kake aiki.