Kafin ka ɗaga jirgi a kan taron mutane a Amurka

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka sami gurbin karatu, kana da jirgi mara matuƙi da kake ɗaukar biki da hawan sallah da shi a gida, kuma kana so ka ji yadda ake yin lasisi don ka ci gaba da sana'ar a nan ka riƙa biyan haya. Wannan tambaya ba ta yankewa, kuma masu yin ta wuri ɗaya suke tuntuɓe: suna zaton wanda ya riƙe lasisi ya sami izinin shawagi a kan jama'a. Bai samu ba.

Lasisin ba abin tayar da hankali ba ne. Hukumar jiragen sama ta FAA ke bayarwa a ƙarƙashin dokar Part 107, wadda ta fara aiki a Agustan 2016 don jiragen da ba su kai fam 55 ba, wato kilo 25. Ka kai shekara 16, kana jin Turanci, ka biya dala 175, ka amsa tambayoyi 60 cikin awa biyu, ka ci kashi 70. Hukumar tsaron sufuri ta TSA ta bincika sunanka, shi ke nan. Wanda ya zauna ya karanta taswirar sararin sama da bayanin yanayi zai haye.

A cikin dokar akwai sashe na 107.39, kuma shi ne zai tsaya maka a wuya. Ya hana jirgi bi ta kan kowane mutum sai wanda ke cikin aikin tuƙin kansa, ko wanda ke ƙarƙashin rufin da zai kāre shi, ko cikin motar da ke tsaye. Wanda ke cikin aikin shi ne matuƙi da mai sa masa ido a kan jirgin. Ango da amarya ba sa ciki, ko da su suka biya ka, ko da sun sa hannu sun ce sun yarda.

Tun Afrilun 2021 an buɗe rukunai huɗu da ake bi ba tare da neman alfarma ba. Na farko shi ne jirgin da bai wuce giram 250 ba, da duk abin da aka maƙala masa lokacin tashi, kuma babu farfela a buɗe da za ta yanki fata. A nan ƙaramin jirgin nan DJI Mini ke ruɗar mutane. A kwali an rubuta giram 249, amma farfelarsa a tsirara take. Ka sa mata keji, nauyi ya haura 250, ka fita daga rukunin. Ka cire kejin, ka karya sharaɗin farfela. Rukuni na biyu da na uku kuwa ba kai ke yanke hukunci ba: wanda ya ƙera jirgin ne zai gwada shi, FAA ta karɓi shaidarsa, a manna wa jirgin lamba. Ma'aunin shi ne raunin da zai ji wa mutum kada ya kai na abu mai tauri da ya buge shi da ƙarfin jul 15 (jul ma'aunin ƙarfin bugu ne) a rukuni na biyu, ko jul 34 a na uku. Don ka gane ƙanƙantar wannan: abu mai tauri mai giram 900, kusan nauyin jirgin Mavic 3, in ya faɗo daga tsayin da bai kai mita biyu ba ya riga ya tara jul 15. Na uku ma an haramta masa taron fili gaba ɗaya. Na huɗu sai jirgin da ke da takardar ingancin tashi irin ta manyan jirage, wannan ba layinmu ba ne.

Saboda haka mai ɗaukar biki da kyamarar kirki, hanyarsa ita ce neman takardar ɗaga ƙafa, wadda suke kira waiver. Ana cikewa a shafin FAA, ba a biyan ko sisi, kuma hukumar ta ce tana ƙoƙarin ba da amsa cikin kwana 90. Wanda ya tuna da ita saura mako biyu biki ya makara.

Abin da ke kayar da yawancin masu nema shi ne sun ɗauke ta takardar neman aiki. Sai mutum ya cika shafi da yabon kansa, shekara kaza yana tuƙi, bai taɓa yin haɗari ba. Mai dubawa bai damu da wannan ba. Shi ya riga ya ɗauka jirgin zai faɗo, tambayarsa ita ce me zai sami wanda ke ƙasa a ranar. Hukumar ta wallafa tambayoyin da take so a amsa a kan kowane sashe, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka faɗi samfurin jirgin da nauyinsa da komai a jikinsa, wurin da za ka tashi, tsayi, gudu, da ƙarfin iskar da in ta wuce shi ba za ka ɗaga ba. Sannan ka shiga lalacewa dalla-dalla: in injin farfela ɗaya ya mutu, in batir ya yi ƙasa ba zato, in GPS ya ɓace tsakanin dogayen gine-gine, in rimot ya daina magana da jirgi.

Wannan na ƙarshe ka tsaya a kansa. Idan sadarwa ta yanke, yawancin jirage kan hau wani tsayi su miƙe kai tsaye zuwa inda suka tashi. Idan ka tashi daga bayan rumfar baƙi, to wannan miƙaƙƙiyar hanya ta kan kawunan mutane za ta bi, kai kuma ba ka da iko da shi a lokacin. Sai ka nuna a taswira inda ka sa wurin komawa, tsayin da ka saita ya fi bishiya da wayar lantarki mafi tsayi a wurin, da filin da ka keɓe don saukar gaggawa. Ka faɗi inda mai sa ido zai tsaya da yadda za ku yi magana cikin ƙarar kiɗa. Wanda ya rubuta "zan yi taka-tsantsan" bai rubuta komai ba.

Tun 2024 hukumar ta sassauta wa ƙananan jirage. Wanda nauyinsa bai wuce giram 399 ba yana iya samun takardar da kejin farfela, fitilar gargaɗi, Remote ID (na'urar da ke sanar da lambar jirgi da inda yake) da mai sa ido. Wanda ya fi haka, har zuwa fam uku da rabi, sai an ƙara masa laimar sauka da ta ci gwajin inganci mai suna ASTM F3322. ParaZero da AVSS na cikin masu ƙera irinta. Kada ka sayo laimar da ba ta da takardar gwaji don ta yi arha, takardar ake nema, kuma dole ta zama ta samfurin jirginka. Laimar kirki kan kashe farfela kafin ta buɗe, don kada igiya ta naɗe. Tana kuma buƙatar tsayi kafin ta cika da iska; a ƙasa da wannan tsayi nauyi kawai ka ƙara wa jirgin. Ma'ana, hoton nan na gida da ake saukowa dab da rawanin mahaya, a nan ba za ka yi shi ba ko da takardar na aljihunka.

Idan sun turo tambayar ƙarin bayani, kwana 30 gare ka, in ka yi shiru a soke buƙatar. Takardun da aka amince da su suna nan a shafin hukumar, ka karanta ka ga irin sharuɗɗan da ake gindayawa, amma kada ka kwafi bayanin wani. Takardar da aka ba ka tana ɗaure ne da sunanka da jirgin da ka ambata, sashen da ka nema kaɗai ta ɗage. Bi ta kan motoci masu tafiya sashe ne daban, 107.145. Kusa da filin jirgi sai ka nemi izini ta LAANC, tsarin FAA na neman izinin tashi ta intanet. Filin wasa mai kujeru 30,000 ko fiye, ranar wasan manyan gasanni irin NFL, gasar ƙwallon Amurka, a rufe yake mil uku kewaye, daga awa ɗaya kafin wasa zuwa awa ɗaya bayansa. Idan ka ji wa wani mummunan rauni, ko ya suma, ko ka yi ɓarnar da ta haura dala 500, kwana 10 gare ka ka kai rahoto. Tarar karya doka ta kai dala 75,000 a kan kowane laifi tun 2024. A Seattle, jirgin wani ya bugi gini ya faɗo kan wata mata a taron gari a 2015 ta suma, kotu ta yanke masa kwana 30 a gidan yari.

Masu cin abinci da wannan sana'a da yawa ba sa bi ta kan kowa. Suna tsayawa gefe da kyamara mai jawo nesa, su ɗauki taro a karkace, hoton ya fito kamar a tsakiya suke. Ko a gefen ma sai ka bar ratar da in ya faɗo iska ba za ta kai shi kan mutane ba.

Duk wannan na wanda ke da ikon yin aiki ne, kai kuma da bizar ɗalibai ta F-1 za ka shigo. Ita aikin cikin makaranta ta yarda da shi, awa 20 a mako lokacin karatu. Aikin waje sai da izinin koyon aiki na ɗalibai, CPT ko OPT, kuma sai ya dace da fannin da kake karanta. Ɗaukar bikin 'yan gida a unguwar Bronx ta New York a damƙa maka kuɗi a hannu aiki ne ba da izini ba, yana iya janyo a soke maka zama. Ko kyauta ka yi wa masallaci ko ƙungiya, tunda ba don nishaɗinka ba ne, Part 107 ta hau kanka. Rajistar jirgi ta dala 5 ma ta 'yan ƙasa ce da masu katin zama na dindindin; jirgin baƙo ana ɗaukarsa jirgin ƙasar waje, sai Ma'aikatar Sufuri ta ba shi izini daban kafin ya yi kasuwanci. Kafin ka saka jirgin a jaka, ka rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarka ka tambaye su a rubuce, kuma kada ka sa kuɗin biki a lissafin hayarka na shekarar farko.